Motar Da Ta Karya Mahaifina Ta Zo Garejina

Assalamu alaikum Malam mai kula da wannan shafi, da duk wanda idonsa zai faɗa kan takardar nan. Ina yi maku fatan lafiya, ku da iyalanku. Roƙona biyu ne kafin in fara: kada a nemi sanin sunana, kuma wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Na san abin da na aikata mummuna ne, ba sai an faɗa mani ba. Abin da ban sani ba shi ne inda zan sa kaina yanzu.

Ni bakanike ne, garejina yana Ƙanƙara, amma asalina mutumin Mabai ne. A Zariya na koyi aiki, kuma abin da hannuna ya fi gwanancewa a kai shi ne aikin ƙafar mota, wato shakazoba da sifirin da duk abin da ke riƙe mota a kan hanya. Tun da kuɗin man fetur suka shigo ƙasar nan kowa ya ga yadda abubuwa suka juya. Mutumin da ka sani bara yana tura keke, bana sai ka gan shi da kwangila da mota. Akwai wani irinsu a Faskari, zan kira shi Alhaji kawai. Ya samu kwangilar gina azuzuwan firamare daga Faskari har Sabuwa, sai ya je Ikko ya sayo wata jar mota mai ƙofa biyu da kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Don kwaltar Turai aka ƙera ta, shi kuwa a kan hanyoyinmu masu gargada da ramuka yake taka mata totur, kaji da awaki suna watsewa.

Ina Zariya ina ƙarasa koyon aiki aka aiko mani cewa mota ta ture Baba. Ranar kasuwar 'Yankara ce, yana dawowa a kan kekensa da ɗan buhun gishiri a baya, yana can gefen hanya inda ko jaki ba zai ce an tare shi ba. Jar motar ta shigo kwana da gudu, bayanta ya zame, ta kwashe shi ta jefa cikin kwalbati. Waɗanda ke wurin sun rantse mani cewa da Alhaji ya fito bai kalli inda Baba yake kwance ba, gaban motarsa ya zagaya yana shafa fitilar da ta fashe. Daga nan ya ce 'yan ƙauye ba su iya hanya ba, ya shiga ya tafi. Ƙugun Baba ya karye. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma har yau Baba bai sake miƙewa da ƙafarsa ba. Mutumin da shi kaɗai yake nome gonar da matasa uku ke kuka da ita, yanzu sai an ɗauke shi an kai shi bayan gida. Mun kai ƙara, maganar ta mutu tun kafin ta isa gaban alƙali. Ko sannu Alhaji bai aiko ba. Baba ya ce ya bar shi da Allah. Ni ban bar shi ba, ko na rana ɗaya.

Na dawo na buɗe gareji a Ƙanƙara don in kasance kusa da gida. Wanda ya fara karɓata a bakin tasha wani dattijo ne mai faci, Malam Tanko, mutumin Pauwa, Bamaguje ne da ya shiga addinin Kirista. Shi ya matsa da kayansa ya ba ni rabin inuwar bishiyarsa, shi ya riƙa turo mani direbobi har aka san ni. In azumi ya zo ba ya cin komai a gabana. Haka muka zauna, ni ina ƙarƙashin mota, shi yana kan taya.

Wata ranar Talata da hantsi ina wanke hannu sai ga jar mota ta tsaya a gabana. Ban taɓa ganinta ba, amma jikina ya gane ta kafin kowa ya yi magana. Mai ita ya fito da babbar riga da baƙin tabarau, ya tambaya ko ni ne aka ce na iya ƙafar mota. Na ce ni ne, ranka ya daɗe. Bai san ni ba, ina zai san ni, tunda ko sunan wanda ya karya bai taɓa tambaya ba? Ya ce motar tana ba shi haushi: in ya shiga kwana bayanta sai ya yi rawa, in ta hau gargada sai ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya, cikinta kuma yana bugun ƙasa. Yana so ta kama hanya yadda zai sha kwana ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Sannan ya yi dariya ya ce: "Har ta taɓa sa ni na ture wani tsoho a 'Yankara, ya fasa mani fitila. Wata biyu ina jiran sabuwa."

Malam, sifana ce a hannuna a lokacin. Har yau ina mamakin yadda na aje ta a hankali. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin motar don kada ya ga fuskata, daga can na riƙa yi mashi bayani da murya mai sanyi. Na ce shakazoba huɗu za a canza a sa masu tauri, sifirin ɗin sun gaji, za a sa sababbi waɗanda za su ɗaga ta kamar yatsa biyu, robobin da suka cinye duk za a cire, a sa tayoyi masu faɗi, sannan a yi mata saiti. Duk gaskiya na faɗa mashi, domin abin da motar take buƙata ke nan. Ya ce a yi, ya aika Kaduna aka kawo kayan cikin kwalayensu.

Malam Tanko ne ya ɗaura tayoyin. Na tsaya a kansa, na ga yadda ya goge kowane wili, ya duba tif ɗaya bayan ɗaya a cikin ruwa, ya auna iska sau biyu. Aikinsa ba shi da aibi ko kaɗan, ku riƙe wannan. Ni kuma na gyara ƙafafun gaba biyu da ta hannun dama ta baya yadda ban taɓa yi wa wata mota ba. Saura hagu na baya. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci mutanen tasha suka tafi wani ɗaurin aure, ni na ce ina da aiki. Na ɗauko tsohuwar shakazobar da na cire a wurin, wadda man cikinta ya tsiyaye ta mutu murus, na wanke ta da fetur, na shafa mata fenti irin na sababbin, na mayar da ita tare da tsohon sifirin ɗinta. Sababbin na tura ƙarƙashin tarin ƙarafa. Ba kuskure ba ne, ba mantuwa ba ce. Na san a kan lafiyayyar kwalta ba wanda zai ji komai, gaban motar ma zai ƙara mashi ƙarfin zuciya. Amma ranar da gudu da kwana da gargada suka haɗu, wannan ƙafar za ta bar ƙasa. Shin na tsaya na yi tunanin wa zai iya kasancewa a kujerar gefensa? Na yi tunanin wani tsohon da ke kan kekensa a gefen hanya? Wallahi ban yi ba, kuma wannan yana cikin abin da nake jin kunyarsa. Fuskar Baba kawai nake gani lokacin da ake ɗaga shi yana cije leɓe don kada mu ji nishinsa.

Alhaji ya zo ya gwada ta a kan kwaltar cikin gari, ya dawo yana washe baki, ya ce motar ta zama sabuwa. Mako uku ina jira. Duk motar da ta shigo tasha daga wajen Faskari sai na kasa kunne. Ranar wata Laraba da azahar direban wata akori-kura ya kawo labari: jar motar ta ƙwace a wata kwana a hanyar Sabuwa, ta yi juyi uku ta daki bishiyar ɗorawa. Shi kaɗai ne a ciki, bai taɓa kowa ba. Cinyarsa ta karye wuri biyu, ƙugunsa ya goce. Mutane suna salati, ni ma na yi tare da su, amma zan faɗa maku gaskiya tunda ba ku ganina: ranar na ci tuwo har na nemi ƙari. Da na je Mabai na ba Baba labari ina jiran in ga haske a fuskarsa, sai ya ce Allah ya ba Alhaji lafiya, shi ya san ciwon nan, ba ya so wa kowa. Na fita daga ɗakin ina huci. Ashe ni kaɗai nake ɗauke da wutar?

Da a nan abin ya tsaya da ban rubuto maku ba. Da yake ni na yi aikin, garejina aka jawo gawar motar. Kafin 'yan sanda su iso na cire matacciyar shakazobar da tsohon sifirin na binne a bayan gareji, na sa sababbin na goga masu ƙasa da baƙin mai. Wani saje ya zo da takarda ya ce in duba in faɗa mashi abin da ya jawo haɗarin. Tayar baya ta fashe, ni na san dukan bishiya ne ya fasa ta, amma na nuna ta da yatsa na ce ga dukkan alamu ita ce. Na ɗauka za a ce ƙaddara ce a rufe maganar. Sai mutanen Alhaji suka ce ai mai facin ne ya sace sabon tif ya sa tsoho. Da rana tsaka aka zo aka ja Malam Tanko a gaban kowa, hularsa ta faɗi a ƙasa, ni na ɗauke ta. Ina tsaye ina kallo aka tafi da shi.

Wata huɗu ke nan yana tsare a Funtuwa yana jiran shari'a. Famfonsa da kayan facinsa suna wurina, matarsa ce ta kawo ta ce ni kaɗai mijinta ya yarda da shi. Sau ɗaya na iya zuwa ganinsa. Ya rame, tari ya kama shi, haƙorinsa ɗaya babu. Bai yi ƙorafin komai ba, ya tambayi jikin Baba, sannan ya riƙe hannuna ta tsakanin ƙarfe ya ce: "Ɗana, kai kana tsaye na yi aikin nan. In an kira ka, abin da ka gani kawai za ka faɗa." Na ce to, Malam. 

Za ku ce to ai na yi nadama. A kan Malam Tanko na yi, kamar in mutu. A kan Alhaji kuwa ban yi ba, kuma ba zan yi maku ƙarya ba. Makon jiya ya zo garejina yana dogara sanda, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, da wata sabuwar mota irin waccan, fara. Ya ce a yi mata duk abin da aka yi wa ta farko, ni kaɗai ya yarda in taɓa ta, shi kuwa mai facin sai ya ruɓe a inda yake. Na daure na ce, Alhaji, tsohon nan da ka ce ka taɓa turewa a 'Yankara, ya rayu kuwa? Ya dube ni da gaske, ba wasa a fuskarsa, ya ce: "Wane tsoho?"

Kusan wata huɗu ya yi a kwance yana jin irin ciwon da Baba yake ji, bai tuna da shi ba ko sau ɗaya. To me na rama? Ya san don me ƙafarsa ta gajarce? Bai sani ba. Yana ganin wani talaka ne ya cuce shi don tif. Wani lokaci ji nake in tare shi a tsakiyar tasha in faɗa mashi ni ne, in faɗa mashi sunan Baba da ƙarfi har sai ya haddace shi, in ga yadda idonsa zai yi, daga nan duk abin da zai faru ya faru. Wani lokaci kuma in na kwanta ƙarƙashin farar motar nan sai in ji hannuna yana son ya ƙarasa abin da ya fara, har sai na fito na zauna a rana ina istigfari.

Yanzu an aiko mani da sammaci, ranar Litinin mai zuwa zan tsaya shaida. In na maimaita abin da na gaya wa saje, za a ɗaure dattijon da ya raba inuwarsa da ni, kuma da wannan tarin ban ga alamar zai fito da rai ba. In na ce tayar lafiyarta lau, za a tambaye ni to mene ne, kuma Alhaji ba zai huta ba sai an tono. In na faɗi duka, ni zan shiga inda Malam Tanko yake, Alhaji ya yi ta yawo da sandarsa yana cewa ga ɗan ƙauyen da ya so kashe shi, a tausaya mashi, shi ya zama wanda aka zalunta. Baba kuma, wanda ni nake ciyar da shi, ni nake biyan masu yi mashi noma, zai ji cewa ɗansa ya shirya kisan kai da sunansa bayan shi ya riga ya yafe. Ban san wanne zai fi karya shi ba, rashina ko jin wannan.

Kada ku ce in yafe wa Alhaji, na gwada, zuciyata ta ƙi. Ku dai dubi Malam Tanko, ku dubi Baba, ku dubi farar motar da ke kan jak a garejina na cire ƙafafunta huɗu, mai ita zai zo ɗauka ranar Asabar. Don Allah, malamai da dattawa da duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan a ransa, ku ba ni amsa kafin Litinin. Me zan yi?