Lallen da Ke Ƙafar Zubda Ba Ado Ba Ne

Zuwa ga Alhaji, mamallakin bargar dawakan hantur, wato keken doki, da ke bayan unguwar Ma'adi a Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman afuwa da na rubuto maka a fili. Na je shagonka na Ataba ban same ka ba, waya kuma ba ta shiga. Sai ga shi na ji a unguwar Darrasa ana cewa sabon likitan dabbobin da ka ɗauka yana so ya kashe sana'ar keken doki. Ni ne likitan, wannan ne aikina na farko bayan kammala karatu, kuma tsoro nake ji kada shiruna ya zama shaida a kaina.

Na ɗaya. Zubda, babbar goɗiyar nan mai jan keken amare, tana da dogon gashi da ya rufe mata ƙafafu har kofato, kamar sauran irinta na ƙasashen sanyi. Duk ranar biki ana wanke gashin don ya yi fari, amma ba a tsayawa ya bushe. Danshin ya ci fatar ƙafarta ta baya ta hagu, ta tsage, tana ruwa.

Na biyu. Ammu Sayyid, dattijon da ke tuƙa keken, ya shafa mata lalle a wurin, yadda masu hantur suka gada. Ban zarge shi da mugunta ba, yana ƙaunarta. Amma lallen ya rufe mikin ne kawai. Masu biki suna ganin ja a ƙafarta, su ɗauka kwalliyar amarya ce, har hoto suke ɗauka. Da na buɗa gashin ranar Lahadi na tarar da mugunya, ƙafar ta kumbura, ta ɗau zafi. Da na faɗa, ma'alish, wato ba komai, kawai aka ce mini.

Na uku. Manajanka ya hana ni aske gashin, wai gashin ake biya wa kuɗi. Ya kuma nemi in sa hannu cewa lafiyarta ƙalau domin bikin Alhamis mai zuwa. Ban sa ba, kuma ba zan sa ba. Goɗiya mai nauyinta, in ta ja keke a kan kwalta da wannan ƙafar, ciwon na iya shiga ciki. Ban ce lallai zai shiga ba. Na ce in ya shiga, ban san maganin da zai dawo da ita ba.

Alhaji, ba na gaba da hantur. Mutanen da suka riƙe irin waɗannan dawaki a Alƙahira sun yi ƙaranci, kai kana cikinsu, ina kuma girmama ka a kan haka. Roƙona shi ne ka ba ni izinin aske ƙafar in yi mata magani, a hutar da Zubda har mikin ya rufe, a ɗaura wa wani doki keken ranar Alhamis. Daga yanzu kuma duk ƙafar da aka wanke a busar da ita kafin a fita.

In ka ga sallamata ce mafita, hukuncinka ne, zan karɓa. Sai dai ka fara zuwa ka buɗa gashin da hannunka. Gashi zai sake tsirowa kafin sanyi ya shigo. Ƙafa ba ta tsirowa.

Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi, Ya sa albarka a bargarka.

Wassalam.

Ɗanka,
Mu'azzam, likitan barga.