Na Ce wa Tonton Taswirarsa Ta Yi Kyau

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu duk inda kuke. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya fara zagina ya daure ya karanta har ƙarshe. Zagin ma ban ce kar a yi ba, na cancanta, sai dai ba na jin zai shige ni, don kwanakin nan ba abin da ke shiga jikina. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni 'yar Damagaram ce, ina aiki a Paris, a wani kamfani mai neman man fetur da gas a ƙarƙashin teku. Na san abin dariya ne, yarinyar da ta girma ba ta san ruwan da ya wuce tabkin bayan unguwarsu ba. To aikin namu ba ya buƙatar ka jiƙa ƙafa. Jirgi ne ke yawo a kan teku yana aika ƙara zuwa ƙasa, ƙarar ta bugi duwatsu ta dawo, na'ura ta mai da ita hoto, mu kuma mu zauna a buro, wato ofis, mu zura wa hoton ido, mu ce nan akwai alamar mai, nan babu. Ƙasar da ke da tekun ita ke ba kamfani izinin bincike a wani yanki na 'yan shekaru. In wa'adi ya cika, ko dai kamfani ya ɗauki alkawarin haƙa rijiya, ko ya mayar wa masu yankin abinsu ya kama gabansa. Iyakar abin da kuke buƙatar sani ke nan.

Wanda ya sa ni a wannan hanya abokin mahaifina ne, mutumin Tawa. Zan kira shi Tonton, don haka nake kiransa tun ina ƙarama. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka ƙasar nan karatu, a gidansa na Vaulx-en-Velin, gefen Lyon, na yi shekarata ta farko, matarsa Tanti ce ta saya mini rigar sanyi ta farko, ta koya mini shiga metro ba tare da na ɓata ba. Shi ya fara zaunar da ni gaban irin hoton nan ya ce, "Ɗiyata, duba da kyau, ƙasa ba ta ƙarya, mu ne muke gaggawa." Yanzu kamfaninmu ɗaya, shi yana ofishin Lyon, ni ina Paris. Shekarunsa na baya-bayan nan kaf a kan yanki guda suka ƙare, wani yanki a tekun Afirka ta Yamma, har abokan aikinsa suna tsokanarsa suna kiran wurin gonarsa. Ya yi imani akwai mai a can kamar yadda ya yi imani da sunansa.

Muna da wata al'ada a wurin aiki. Kafin manya su zauna su yanke ko a haƙa ko a bar yanki, sai a ba wani daga wani ofishin ya sake duba aikin tun daga tushe. Ido na biyu muke ce masa. Ba a faɗin sunan wanda aka ba, amma dole ne duk matsalar da ya gano a sanar da mai aikin tun da wuri, ya samu lokaci ya shirya amsa, ko ya gyara, ko ya janye da mutuncinsa. Da wa'adin yankin Tonton ya matso, shugabata, wata Bafaransa mai ƙarancin magana, ta ce ni za a ba. Me ya hana ni in ce mata mutumin nan kamar uba yake gare ni, a ba wani? Wallahi daɗi ma na ji. Na ɗauka zan duba in ga komai daidai, in zama ni ce na sa hannu aka haƙa rijiyar Tonton.

Ban ga komai daidai ba. Mai a ƙarƙashin ƙasa kamar abu ne a cikin tukunya, sai da murfi yake zama. Tukunyar Tonton tana nan, babba, kyakkyawa, yadda ya zana ta. Murfin ne ya tsage. Tsagar siririya ce, ta ratsa ta gefen da bai cika dubawa ba, kuma a samanta ga alamar gas ya bi ya tsere tun zamanin da ba mutane. Na juya hoton ta kowace fuska ina neman in ƙaryata idona, na kasa. Na kai wa shugabata, ta duba, ta ce za ta aika wa Lyon a shirya amsa. Nan ne na yi maganar da ta jawo komai. Na ce mata, "Ki bar mini, na san shi, ni zan je in gaya masa da bakina." A raina ina ganin gata zan yi masa, kar ya ji abin a bushe daga bakin baƙo.

Na shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon da maganata a shirye, har da yadda zan fara. Ya zo tarbata da kansa a gar, tashar jirgin ke nan, da hularsa da furfurarsa, ya karɓi jakata ya ƙi ba ni. A gida Tanti ta yi dambu da zogale saboda ta san shi nake so, ga wasu 'yan Nijar biyu maƙwabta sun shigo gaisuwa. Ba a ma ɗauke kwanuka ba Tonton ya ɗauko takarda da biro ya zana mini tukunyarsa a kan tebur, cike da murna, yana cewa, "Kin gani? Nan ta kwanta. Shekara da shekaru ina faɗa musu, yanzu sunka fara saurare. Ke da kin san aikin, mi kinka gani?" Baƙi suna kallona, Tanti tana kallona, shi yana kallona ta saman tabarau. Ku gaya mini, a gidanmu wa ya taɓa koya wa ɗiya ta dubi wanda ya riƙe ta, a kan teburinsa, da dambun matarsa a bakinta, ta ce masa ka yi kuskure? A Paris ina musu da turawa masu furfura har in buga tebur, ba ya damuna. A gaban Tonton sai na koma yarinyar da aka saya wa rigar sanyi. Na sunkuyar da kai na ce, "Tonton, ta yi kyau. Allah ya sa albarka." Ya juya wurin baƙin ya ce, "Kun ji ko? Wagga ba ta san daɗin baki ba."

Na ce a raina bayan baƙi sun tafi zan faɗa. Suka tafi, ban faɗa ba. Na ce gobe da safe a mota. A mota yana ba ni labarin yadda shi da mahaifina suka yi lakwal tare, wato makarantar boko, ya za a yi in katse shi? Na ce to in na isa Paris zan kira, a waya ya fi sauƙi. Na isa, shugabata ta tare ni a bakin lif ta ce, "Kin yi magana da shi?" Na ce, "Mun yi magana." Ai mun yi magana, ko ba haka ba? Da wannan na rufe bakin zuciyata, kullum ina cewa gobe, har ranar zaman ta zo.

Ya zo Paris cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya yi bayani tiryan-tiryan, kai ka ce wa'azi. Da ya gama, shugabata ta haska hoton tsagar a bango ta ce ga abin da ido na biyu ya gano, kamar yadda aka riga aka sanar da shi, mene ne amsarsa? Tonton ya dubi bango, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce ba wanda ya sanar da shi komai. Shugabata ta juyo ta dube ni, kallo ɗaya, sannan ta ce wataƙila saƙon ne bai isa ba, a ci gaba. Ina zaune a ƙarshen tebur ina kallon mutumin da ya koya mini aiki yana in-ina, yana neman amsa a tsaye, wani yaro da bai kai shekarun ɗansa ba yana katse shi. Kun san me nake yi a lokacin? Ina kallon kwalbar ruwan da ke gabana, ina tunanin ban cire kaya daga injin wanki ba. Ko gumi ban yi ba. Aka yanke a mayar da yankin. Da aka fito ya dafa kafaɗata ya ce, "Kar ki damu, ɗiyata, na ga ranki ya ɓaci. Ba laihinki ba ne." Shugabata kuwa abin da ta ce mini kawai, "Ba zan tambaye ki ba." Har yau ba ta tambaya ba.

Kar ku fahimce ni a karkace. Ko da na gaya masa, tsagar tana nan, yankin barinsa za a yi. Amma da ya samu lokaci ya zauna shi kaɗai da hoton, da ya gani da idonsa, don Tonton ba jahili ba ne, ya fi ni sanin aikin nesa ba kusa ba. Da shi da kansa zai miƙe ya ce a bar wurin, a tafa masa. Ni na hana shi wannan. Yanzu abin da ya zauna masa a rai shi ne tarko aka ɗana masa, mutanen Paris sun ɓoye magana don su kunyata tsohon baƙar fata a gaban jama'a. Tunda ya ɗauke ta a makirci, ya ƙi ko sake kallon tsagar. Cewa yake yi ƙage ne.

Tun ranar nake jiran in ji wani abu, ban ji ba. Ina tashi, ina salla, ina shiga metro, ina gaida mutane. Na je La Goutte d'Or, unguwar 'yan Afirka a nan Paris, sayen yaji da kuka, mai shagon ya ce, "Hajiya, lafiya? Kin biya kin bar kayan." Na yi ƙoƙarin yin kuka, na zauna musamman don shi, hawaye suka ƙi zuwa, sai na tashi na dafa taliya. Kunya ce ta yi yawa har ta daina zafi, ko kuwa dama can haka nake ban sani ba? Wace irin mace ce za ta ci amanar wanda ya riƙe ta kuma ta yi barci lafiya lau?

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na haɗiye shi har kabari. To bai tsaya ba. An rushe ƙungiyarsu ta Lyon, amma kamfani ya ba Tonton wani gurbi a sashen da ke neman ruwan zafi a ƙarƙashin ƙasa, aiki mai kwanciyar hankali da zai kai shi har ritaya. Ranar Litinin ake jiran amsarsa, kuma ya ce ba ya so. Wai akwai wani ƙaramin kamfani da ke son neman izinin yankin da muka bari, zai ajiye aiki ya bi su, ya nuna wa duniya gonarsa ba fako ba ce. Mutum mai furfura, da 'ya'ya a jami'a, zai saki abin da ke hannunsa ya ɗora sunansa a kan tukunyar da na san ba komai a cikinta. Su ma mutanen ƙaramin kamfanin in suka sa nasu idon za su ga tsagar, ba ɓoyayyiya ba ce ga wanda ya nema. Daga nan ina zai nufa, wa zai ɗauke shi a shekarunsa?

Ya kira ni ya ce in zo ranar Asabar mu zauna, yana so in taya shi tsara bayanin da zai yi musu. Na ce to, Tonton. Kun ji, har yanzu "to" nake cewa. Sai jiya da rana Tanti ta kira ni a ɓoye, daga kicin, ina jin ƙarar famfo ta bar shi a buɗe don kar ya ji. Ta ce, "Ɗiyar nan, ni ban san komi ba cikin aikinku. Da ya ce zai bar aiki na ƙi, har kwana munka yi ba mu magana. Sai na tuna ranar da kinka zo, ya nuna miki, kinka ce ta yi kyau. Na ce in ke kin ce akwai, to akwai. Shi ya sa na ƙyale shi." Sannan ta ce, "Akwai ɗin ko?" Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa metro ya shiga rami, ba na jin ta sosai, zan sake kira. A kan kujerata nake zaune a buro.

Tikitin Lyon yana cikin wayata. In na faɗa masa gaskiya, zai san ni ce ido na biyu, ni ce na zauna a teburinsa na yi masa ƙarya, ni ce na bar shi yana in-ina a gaban yara, kuma ya dafa kafaɗata yana ba ni haƙuri. Maganar za ta kai Damagaram kafin in dawo Paris, ban san da wane ido zan dubi mahaifina ba. Kuma wa ya ce zai yarda da ni, tunda bakin da ya ce ta yi kyau shi ne zai dawo ya ce ta tsage? In kuma na yi shiru, ranar Litinin zai ajiye aikinsa a kan kalmata. Na yi tunanin in roƙi shugabata ta kira shi, amma ita ce mutum ta ƙarshe da zai saurara. Na yi tunanin in nuna masa tsagar kamar yanzu na gan ta, in ɓoye sauran, sai na ga wata ƙaryar ce zan ɗora a kan ta farko. Tanti ta turo saƙo ɗazu, ta ce ta sayi zogale, in zo da yunwata.

Don girman Allah, ku da kuka san yadda ake magana da manya, ta ina ake farawa? Me zan yi?