Hagun Habu

Daren Lahadi, Agege

Yau ma Habu ya yi nasara a dambe a Mushin. Muna fitowa mai shirya wasan ya dafa ni ya ce, "Baba, yaronka ya isa neman kambun ƙasa bana."

A cikin motar haya ta danfo kocinsa ya ce, "Baba, a bari ya ƙara gogewa tukuna. Ba ka ga hagunsa ba?"

Ba sai na gani ba, na sani. Da ya ji wuya sai ya miƙa hagu gaba irin na damben gargajiya, ya bar haɓarsa a fili. Garkuwarmu ce ta mahauta. Haka mahaifina ya tsayar da ni a fage, da kalangu a bayana. A damben safar hannu kuwa, ƙofa ce a buɗe.

Na ce wa Habu ya yi haƙuri, gaggawa aikin Shaiɗan ce. Ya ce, "To, Baba."

Ban gaya masa ba, yau da launin wandonsa kawai nake gane shi. Yanar idon nan ba ta jiran kowa. Allah, ka nuna min kambun nan a ƙugunsa, ko da dishi-dishi ne.