Dauda, Ka Dawo da Akodiyon Ɗinka

Zuwa ga ɗana Dauda,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya inda kake. Na sa wannan a shafina na intanet ne don ba ka ɗaukar wayata. Abokanka na unguwar Pantai Dalam da suka ba ka wurin kwana, su ma su karanta, su san ba taimakonka suke yi ba.

Babanka ya gama karatu. Ƙarshen watan nan za mu koma Kafanchan, kuma takardar zamanka a ƙasar nan a kan tasa take. Ranar da tasa ta ƙare, taka ta ƙare. Ka san inda ake kai wanda aka kama ba takarda. Tun da ka fita ban iya cin abincin kirki ba.

Duk wannan a kan akodiyon, abin kiɗan da ake ja ana matsewa kamar zuga-zugi!

Kana ƙaramin yaro muka iso ƙasar nan muka sauka a unguwar Cheras, akodiyon ɗin da kake kaɗawa mai farare da baƙaƙen haƙora irin na fiyano ta kusa fin ka girma. Da ita ka riƙa raka zumuntar mata a sujada, ana cewa Maman Dauda ta yi tarbiyya. Sai ka shigo da wata mai ƙananan maɓallai jere-jere kamar na riga, ka tura tsohuwar ƙarƙashin gado. Na ce maka wannan rashin godiya ne. Har yau ban janye ba: mutum ba ya yar da abin da Allah ya ɗaukaka shi da shi.

Ka yi mini bayani, rabi Hausa rabi Turanci. Wai mu mata kowace Lahadi inda muryarmu ta faɗi muke ɗauko waƙa, yau sama gobe ƙasa, kai kuma kana ta laluben mu. Wai a sabuwar, yatsu ba sa canja tsari, hannu kawai za ka gusar ka same mu. Na ce dogon surutu ne.

Wata da watanni kana kaɗawa kamar ɗan koyo, har maƙwabcinmu ɗan Sin ya buga bango. Ranar godiyar girbi ni na ɗauko waƙa. Yatsunka suka tafi neman tsohon wurinsu, sauti ya karkace, ka tsaya. Na juyo na ce, “Ajiye abin wasan nan, mu yi da tafi.” Ka ajiye. Da aka tashi ka saɓa ta a kafaɗa, ba ka biyo mu gida ba.

Uwa tana da ikon tsawata wa ɗanta ko a gaban wa. Ɗa ba shi da ikon ɓacewa. Wannan zunubi ne, Dauda, ka sani.

Amma ina bin tashoshin jirgin ƙasa, don an ce an ga wani baƙin yaro yana kiɗa a tashar Taman Melati. Na leƙa shagunan mamak na shayi da abinci ɗaya bayan ɗaya, ina duba bayan kowane saurayi. Ƙafafuna sun kumbura.

Ɗana, ka zo da akodiyon ɗin taka mai maɓallai. An ce nauyin kayanmu ya wuce abin da ake yarda a hau jirgi da shi, sai na raba tukwanena da keken ɗinkina ga matan ikkilisiya. Akwai wurinta yanzu. Ba sai ka ba ni haƙuri ba, ba sai ka yi magana ba ma. Ka ƙwanƙwasa ƙofa kawai.

Ubangiji ya rufe idon masu kamu daga kanka, ya hana ka barci mai daɗi har sai ka iso gida. Amin.

Ni ce wadda ta haife ka,
Mamanka