Ka Taho Lyon da Daddawa

Yaya Nata'ala,

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar Inna, yaya mutanen Taura? Na ji ma'aikatarku a Dutse za ta turo ka kwas nan Lyon. Alhamdu lillahi!

Zan kai ka tudun Fourvière ka hango birnin da kogunansa biyu. Abincinsu alade ya yi yawa, gara kuskus ɗin wani dattijo ɗan Aljeriya, kamar burabusko. Ranar da na ture cokali na sa hannu, sai ya wanke nasa muka ci tare.

Za ka ga na rame. Sanyi ne kawai, kada Inna ta ji. Ka taho da kuka da daddawa, na yi wa dattijon alkawarin miyar gidanmu.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙaninka,
Musaddiq