Goron da Na Dawo da Shi

Talata, 1 ga Yuli, 2025
An daɗe ana faɗin wai ofishin nan na masu haɗa manhajar waya, can bayan tasha, ba su tambayar ɗan wa kake kafin su ɗauke ka aiki. Sadi direba ya fara gaya mini, bara. Na ce masa ya dai kula da hanya. Har na tsufa ban ga aikin da aka samu ba sai da wani ya tsaya ma wani.

Yau Husna, autata, ta kai takardunta. Tun da muka baro Gidan Goga, bayan mijinta ya rasu a harin 'yan bindiga, ita da jinjirarta suna wuyana. Wuyan kuwa ya gaji.

Litinin, 7 ga Yuli
Sun yi mata jarrabawa a kwamfuta. Wai ko sunanta ba a rubuta ba, lamba aka ba ta. Wa zai ji tausayin lamba?

Alhamis, 10 ga Yuli
Ban gaya ma kowa ba. Na sa babbar riga, na sayi goro, na tafi gai da shugaban ofishin, yadda ubana ya yi mini lokacin da nake neman aikin ene, hukumar gargajiya ta da. Yaro ne, Zubairu, mutumin Bakura. Ya durƙusa, muka gaisa har muka kai ga damina da gero, shi da kansa ya haɗa mini shayi. Ina cewa "ɗiyata", ya ɗaga hannu.

"Baba, don Allah kada ka faɗi sunanta. In na ji, dole a ajiye takardarta gefe. Haka dokarmu take."

Na haɗiye sunan da guntun shayi. Goro ɗaya ya ɗauka, ya rako ni titi da sauran.

Da bakina na so in zubar mata da abinci.

Juma'a, 18 ga Yuli
Shiru. Inno, matata, ta gane, don goro ya yi yawa a gidan. Kullum dai sai ta miƙo mini ɗaya tana kallona.

Laraba, 23 ga Yuli
Sun ɗauke ta. Alhamdu lillahi.

Talata, 12 ga Agusta
Su bakwai ne a ofishin, ɗaki biyu, wutar sola, fanka guda da ake juyawa bi da bi. In ruwa ya sauko intanet sai ta tafi hutu. Amma sun share ɗakin ajiya sun shimfiɗa tabarma don jinjira, ran Juma'a ana tashi kafin azahar, ran kasuwa kuma wanda cunkoso ya tare ya yi aikinsa daga gida. Zubairu ya ga Husna da carbina a jaka, wanda ya gani a hannuna ran nan, ya ce ashe ita ce ɗiyar Baba mai goro. Ta dawo tana tambayata wane goro. Na ce ta tambayi uwarta.

Talata, 9 ga Satumba
Barau maƙwabci ya zo da ƙullin goro, wai in raka shi wurin Zubairu saboda ɗansa Kamilu, tunda ni na san mutanen. Na ce ya aika yaron da takardunsa kawai, mu mu ci goron nan. Can ba su tambayar ɗan wa kake.

Ya yi dariya, irin wadda na yi ma Sadi. Ya ce wa ya gaya mini?

Na ce da yawa sun faɗa. Ta ƙarshe dai Husna ce.