Baba, Yanzu Na San Abin Da Ya Sa Kake Lumshe Ido

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Isiyaku na Tsiga, malamin Turanci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda 'ya ke yi wa uba, ina fatan kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ce Rabi, autarka. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake, amma abin da ke cina ya ƙi faɗuwa a gaban kowa sai kai.

Baba, tsoro nake ji.

Ka tuna yadda kake gyara aikin ɗalibanka? Sauran malamai su tara littattafai su yi ta zane da jan biro, kai kuwa sai ka zauna a gindin dalbejiyar makaranta, ka kira yaro ya karanta abin da ya rubuta da babbar murya. Ka lumshe ido, ka karkata kai. Da ya zo inda ya yi tuntuɓe sai ka ɗaga yatsa ka ce, "Maimaita." Ba ka nuna masa kuskuren, zai yi ta maimaitawa har kunnensa ya kamo shi da kansa. Duk Tsiga Malam Maimaita ake ce maka a bayan idonka. Ka sani sarai, kana dai yi kamar ba ka sani ba.

Kakan ce musu, "A cikin jimla, mai aiki da kalmar aikinsa shanun huɗa ne. In ɗaya ya ja ɗaya ya noƙe, kunya ta karkace." 'Ya'yan manoma ne, nan take suke ganewa. Wanda ya rubuta "my brothers is farming" ranar nan sai ya sha dariya, a ce sansa ɗaya ya kwanta a tsakiyar gona.

Da na gaje ka a wannan aiki, ni da idona nake taƙama. Ɗigon da yaro ya manta, ƙaramin harafin da ya sa a farkon suna, jiyan da ya rubuta kamar yau ce, babu wanda ke tsere wa jan birona. Har tsokanarka nake yi cewa naka salon na mutanen da ne. Sai ka yi murmushi ka ce, "Rabi, ido baƙo ne, kunne ne ɗan gida."

Bana da kaka, bayan an cire masara, na ba 'yan ajina a Ƙarfi aikin rubutu a kan ranar kasuwar Musawa. Akwai wata yarinya Hindatu, mai natsuwa, ba ta gaggawa a aiki. Na jajjage mata shafi da ja, na rubuta mata cewa tana yanke kalmomi a farkon layi. Washegari ta zo da littafin, ta ɗora yatsa a gefen hagu na shafin. Na duba ban ga komai ba. Da na juya kaina kaɗan sai ga kalmomin nan reras, babu wadda ta bari.

Na je wurin likitan ido a Funtua. Ya ce hawan jinin ido ne, daga gefe yake fara ci, kuma abin da ya riga ya cinye ba ya dawowa. Ya tambaye ni ko akwai mai irinsa a danginmu, na ce babu.

A mota, kan hanyar komawa gida, amsar ta dawo mini. Na tuna yadda kake shafa bangon zaure in za ka shiga. Na tuna ranar da ka jingine kekenka ka ce gwiwa ce ta matsa maka, alhali a ƙasa kake zuwa gona ka dawo. Na tuna yadda sai mutum ya yi sallama kake kiran sunansa. Da na tambayi Inna, ta gaya mini cewa kai ma ciwon idon nan ne ya kama ka, kai ka hana a faɗa, don kada a sallame ka daga aiki muna ƙanana.

Idon hagu ya kusa tafiya. Ranar Alhamis za a yi mini aiki a na dama, ko a tsare ɗan abin da ya rage, kuma likita bai yi mini alkawarin komai ba. Tun da aka sa ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Ina kallon allo, ina kallon fuskokin yaran nan, ina ta ƙare musu kallo kamar mai shirin doguwar tafiya. Ina tsoron ranar da za a kwance bandeji in tambaya ko an kwance.

Jiya na bar jan biro a jaka, na fitar da ajin gindin bishiya. Na ce Hindatu ta karanta sabon aikinta, na lumshe ido. Duhun ya firgita ni, ƙirjina na dukan uku-uku, saura kaɗan in buɗe. Sai na ji ta ce "the traders was shouting", yatsana ya ɗagu da kansa, na ji bakina ya ce, "Maimaita." A karo na biyu ta gyara. Yara suka yi ta dariya, ni kuwa na kasa.

Babana, ashe kai ma haka zuciyarka take bugawa a gindin dalbejiyar nan, mu muna zaton tsabar gwaninta ce? Da wa ka raba wannan tsoro? Da ka gaya mini, da na riƙe maka hannu ko da daga zaure zuwa masallaci ne.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka da hasken da ka rasa a duniya. Ni kuma Allah Ya bar mini idon nan guda. In kuma Ya ƙaddara zai tafi, Ya bar mini kunne irin naka, Ya ba ni ƙarfin zuciyar da zan koma gindin bishiyar nan in zauna.

'Yarka mai kewarka,
Rabi